Wuƙar da Ta Yi Aiki Ita Ta Cancanci Hoto

Akwai wata 'yar al'ada a tsakanin masu sha'awar tara wuƙaƙen aljihu na gargajiya a Amurka da Ingila, wadda wanda bai san ta ba zai ɗauke ta wasan yara. Mutum ɗaya daga cikinsu zai zaɓi wuƙa a cikin waɗanda ya mallaka, ya sanar cewa zai ba da ita kyauta. Sharaɗinsa guda ne: duk mai so ya ɗauki hoton tasa wuƙar ya nuna wa jama'a. Wani lokaci akan ƙayyade abin da hoton zai ƙunsa, a ce wuƙa a gefen kofin gahawar safe, ko a bakin rafi, ko a kan teburin aiki. Idan wa'adi ya cika, ko dai mai kyautar ya zaɓi hoton da ya fi burge shi, ko jama'a su kaɗa ƙuri'a, ko kuma a zaro suna ɗaya da ka. Sai a naɗe wuƙar a aika wa wanda ya yi nasara, sau da yawa mutumin da mai kyautar bai taɓa haɗuwa da shi ido da ido ba.

Abin da ake bayarwa ba wata dukiya ba ce. Amma wannan gasa tana ɗauke da wata tambaya da ta fi ƙarfin kuɗin wuƙar: shin abin da aka ƙera domin aiki, idan aka daina aiki da shi aka koma kallonsa, yana nan a matsayinsa? Amsar da mai shirya gasar ya bayar, ta hanyar hoton da ya fifita, ita ke nuna ko al'adar tana raya sana'ar ƙira ne ko kuwa tana yi mata ado kafin a binne ta. Ya kamata a kare wannan al'ada, amma da sharaɗi: kyautar ta zama kyauta ta gaskiya, hoton da za a fifita kuma ya zama na wuƙar da ta sha aiki.

Wace irin wuƙa ce?

Wuƙar da ake magana a kanta ita ce 'yar ƙaramar nan mai naɗewa, wadda ruwanta ke komawa cikin ƙota. Ba ta da makulli. Abin da ke riƙe ruwan, a buɗe ko a rufe, wani siririn ƙarfe ne mai tauri da ke kwance a bayan ƙotar, yana danne gindin ruwan kamar sifirin. Ana buɗe ta da farce, ta wata 'yar tsaga da aka yi a jikin ruwan. Masana sukan saurari ƙarar da take yi idan ta rufe, kuma daga wannan ƙara kaɗai sukan gane ko maƙerin ya iya aikinsa.

Kowane samfuri yana da sunansa da aikin da ya haife shi. Wadda ake kira Stockman ta makiyaya ce, tana da ruwa uku: dogo mai tsini na aikin yau da kullum, mai miƙaƙƙen baki da ake dangantawa da gyaran kofaton tumaki, da gajere mai dakusasshen tsini na fiɗiye dabba. Trapper ta maharba ce masu ɗana tarko, ruwanta biyu dogaye na fiɗa. Barlow kuwa asalinta birnin Sheffield na Ingila, wuƙar talaka ce mai ƙarfi da araha, har marubucin nan Mark Twain ya sa ta a hannun yaron da ke cikin littafinsa Tom Sawyer na shekarar 1876, a matsayin kyautar da ta faranta masa rai matuƙa. A Faransa akwai Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a yankin Savoie a 1890, da ƙotar itace zalla. A Suwizalan akwai ta kamfanin Victorinox, wanda Karl Elsener ya kafa tushensa a 1884.

Ƙotar takan zama ta ƙashin ƙafar saniya da aka sassaƙa aka rina, ko ƙahon barewa, ko itace. Ruwan kuwa, a wajen masu riƙo da gargajiya, an fi son na baƙin ƙarfe mai yawan sinadarin kabon, musamman nau'in da ake kira 1095. Wannan ƙarfe yana wasuwa cikin sauƙi, yana kuma yin kaifi ƙwarai, amma ba ya jure laima. Idan aka yanka albasa ko tuffa ko nama da shi, launinsa yakan sauya, ya yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Idan aka bar shi a jiƙe, tsatsa ta ci shi. Tun 1913 Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a Sheffield, amma har yau masu wannan sha'awa da dama sun gwammace wanda ke canza launi. Dalilin kuwa shi ne ginshiƙin wannan batu gaba ɗaya: ƙarfen da ke canza launi yana rubuta tarihin mai shi a jikinsa.

Sana'ar da ta kusa mutuwa

Ba za a fahimci nauyin wannan gasa ba sai an san halin da sana'ar ta shiga. A ƙarshen ƙarni na 19, dokar harajin kayan waje ta 1890, wadda aka fi sani da sunan McKinley, ta tsauwala kuɗin fito a kan wuƙaƙen Ingila da Jamus, masana'antun Amurka suka samu fili suka bunƙasa, musamman a jihohin New York da Pennsylvania da Connecticut. 'Yan gidan Case sun fara sayar da wuƙaƙe a keken doki a 1889, kuma kamfanin da ya fito daga wannan zuriya yana nan a garin Bradford na Pennsylvania har gobe, a ƙarƙashin kamfanin Zippo da ya saye shi a 1993.

Amma da yawa daga cikin takwarorinsa ba su kai labari ba. Schrade ya rufe masana'antarsa ta Ellenville a 2004, shekarar da ya cika ɗari cif da kafuwa. Camillus ya bi sahu a 2007. Queen da ke Titusville ya rufe a 2018. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kaya masu araha daga Asiya sun cika kasuwa. Matasa sun koma ga wuƙaƙen zamani masu makulli, waɗanda ake buɗewa da hannu ɗaya. Yawancin mutane sun bar gona sun koma ofis, inda ba a bukatar yanka igiya ko gyara kofato. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 kuma aka hana shiga jirgin sama da wuƙa kowace iri, lamarin da ya girgiza cinikin masu ƙera ta Suwizalan, har Victorinox ya saye abokin hamayyarsa Wenger a 2005. A Sheffield ma, garin da a da dubban maƙera ke cin abinci da wannan sana'a, an kai lokacin da ake ƙirga sauran gwanayen da yatsu. Ɗaya daga cikinsu, Stan Shaw, ya ci gaba da ƙira da hannunsa har ya haura shekara casa'in, ya rasu a 2021.

Sunayen wasu daga cikin kamfanonin da suka rufe suna nan a kasuwa, domin an sayi sunan an buga shi a kan wuƙaƙen da ake ƙerawa a wata ƙasa. Suna ya tsira, amma hannun da ya san yadda ake daidaita sifirin da ruwa ya tafi. Ilimin irin wannan ba ya zama a takarda. Yana zama ne a hannun mutumin da ya yi shekara ashirin yana maimaita aiki ɗaya, kuma idan masana'anta ta rufe, yakan watse tare da ma'aikatanta.

A cikin wannan yanayi ne aka kafa kamfanin Great Eastern Cutlery a Titusville a 2006, da niyyar ƙera wuƙaƙe irin na da, da tsofaffin samfura da baƙin ƙarfe da ƙotar ƙashi. Waɗanda suka riƙe shi ba makiyaya ko maharba ba ne, masu tarawa ne. Wannan gaskiya ce da dole a amince da ita: ba don masu tara wuƙaƙe ba, da wuya sana'ar ta kai yau a Amurka da irin ƙarfin da take da shi.

Inda gizo ke saƙar

Sai dai mai ceto yakan zo da nasa ciwon. Wanda ya sayi wuƙa domin aiki, ɗaya ta ishe shi shekara da shekaru. Wanda ya saye ta domin tarawa, ɗari ba ta ishe shi ba, kuma abin da yake nema a jikinta dabam ne. Yana son wadda ba a taɓa wasawa ba, wadda take cikin kwalinta na asali, da takardar da aka naɗe ta tun daga masana'anta. Tabo ɗaya a jikin ruwan yana rage mata kuɗi. Kamfanin Case ya fahimci wannan tun da wuri: a 1970 ya fara buga ɗigo goma a gindin ruwan wuƙaƙensa, yana cire ɗaya kowace shekara, ta yadda mai saye zai iya gane shekarar da aka ƙera kowacce. A 1981 kuma ya kafa ƙungiyar masu tara kayansa. Wuƙa ta zama abin lissafi kamar tsohon kuɗi ko kan sarki.

Da yake ƙananan masana'antu kaɗan-kaɗan suke fitar da kaya, sai wasu 'yan kasuwa suka samu ƙofa. Sukan yi rububin saye da zarar sabon samfuri ya fito, ba don suna so ba, sai don su sayar wa wanda ya makara da riba mai kauri. Wuƙar takan bi ta hannu uku ko huɗu ba tare da ta yanka ko zare ba. A ƙarshe ta kwanta a akwatin ƙarfe, a shafa mata mai, a fito da ita lokaci-lokaci domin a ɗauki hotonta a mayar.

Hoto kuwa yana da nasa laifin a nan. Kyamara tana son ƙyalli. Sabuwar wuƙa mai sheƙi, da aka ɗora a kan tsohon katako aka haska ta da hasken yamma, takan fi ɗaukar ido fiye da wadda ta yi shekara talatin a aljihun kafinta. Duk hoto mai kyau kuma talla ne, ko mai shi ya yi nufi ko bai yi ba, domin wanda ya gani yakan ji tasa ta gaza, ya shiga neman irinta. Saboda haka gasar hoto tana iya zama rura wutar wannan cuta: a riƙa saye domin a nuna, a riƙa nunawa domin wasu su saya.

Abin da kyauta ke gyarawa

To, me ya sa duk da haka al'adar ta cancanci a kare ta? Saboda rabinta na biyu, wato kyautar. A cikin kasuwar da kowa ke lissafin nawa wuƙa za ta kai baɗi, mutumin da ya ɗauki tasa ya ba baƙo a banza ya karya lissafin. Ya nuna cewa akwai wata daraja a jikin abin da ba ta shiga farashi. Kuma sau da yawa wanda ya samu yakan ji nauyi ya hau kansa, bayan wani lokaci shi ma ya fito da tasa ya bayar. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ta haka wuƙar da za ta mutu a akwati take komawa aljihun wani, wataƙila matashin da ba shi da kuɗin sayenta, wanda kuma shi ne zai zama mai sayen kayan masana'antar nan da shekara goma.

Turawa suna da wani tsohon camfi a kan kyautar wuƙa. Sun ce wuƙa tana yanke zumunci, don haka wanda aka ba yakan mayar wa mai kyautar da ƙwandala ɗaya, komai ƙanƙantarta, domin a ce saye ya yi. Ba sai an yarda da camfin ba kafin a ga hikimar da ke bayansa. Bahaushe yana cewa yaba kyauta tukuici, kuma ko da yake tukuici ɗan aike ake ba, ma'anar tana kusa: kyauta ba ta cika sai an amsa ta da wani abu, ko da ɗan kaɗan ne, domin kada mai karɓa ya zama maroƙi. A gasar hoto, hoton shi ne ƙwandalar. Wanda ya shiga bai zo da hannu biyu ba. Ya kashe lokacinsa, ya nemi haske, ya zaɓi wuri, ya ba jama'a abin kallo. Ko bai ci ba, ya bayar, kuma kowa ya amfana da abin da ya kawo.

Wannan ne ya bambanta ta da caca. A caca kowa yana zuba kuɗi, ɗaya ya kwashe, sauran su tafi da hasara. Dokokin Amurka ma a kan wannan ma'auni suke tafiya: idan abu uku suka haɗu, wato abin da za a ci, da dogaro da sa'a, da biyan kuɗin shiga, to ya zama caca, kuma ba kowa ne ke da izinin shirya ta ba. A gasar da ake magana a kanta ba wanda ya biya ko sisi, mai kyautar ne kaɗai ya fitar da abu daga hannunsa, da son ransa. Ranar da aka ce sai an sayi tikiti, ko sai an sayi kaya daga wani shago kafin a shiga, ranar al'adar ta zama wani abu dabam, ko da sunan bai canza ba.

Ƙorafe-ƙorafen da suka cancanci amsa

Wani zai ce wuƙa makami ce, kuma ƙawata ta a hoto bai dace ba a zamanin da ake kukan sare-sare a biranen duniya. Wannan damuwa tana da tushe, amma ba ta faɗa kan wannan nau'in wuƙa ba. Wuƙar da ba ta da makulli takan naɗe a kan yatsun mai ita idan ya yi yunƙurin suka da ita. Birtaniya, wadda dokarta a kan wuƙa ke da tsauri, ta keɓe irin wannan a dokarta ta 1988: an yarda mutum ya riƙe wuƙa mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci uku ba, kotuna kuma suka fayyace cewa mai makulli ba ta cikin wannan rangwame. Dokar da kanta ta gane bambancin kayan aiki da kayan faɗa. Abin da ya rage ga masu gasar shi ne su kiyaye wannan bambanci a hotunansu, su kuma san dokar ƙasar da za su aika kyautar da shekarun wanda zai karɓa.

Wani kuma zai ce gasar tana fifita mai hali, domin mai tsadaddiyar kyamara da tsadaddiyar wuƙa shi zai riƙa lashewa, a ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Wannan ƙorafi ya fi na farko nauyi, kuma shi ya sa wasu masu shiryawa suke ɗaukar hoton a matsayin takardar shiga kawai, su bar zaɓen ga ƙuri'ar sa'a. Hanyar tana da adalci, amma tana da rauni: idan kowane hoto daidai yake da kowane, ba wanda zai wahalar da kansa, kuma gasar ba ta koyar da komai. Abin da ya fi shi ne a yi hukunci, amma a sauya abin da ake aunawa.

Abin da ya kamata a auna

A ce hotuna biyu ne a gaban alƙali. Na farko sabuwar wuƙa ce mai ƙotar ƙahon barewa, ba ko ƙwarzane a jikinta, an ɗauke ta da gwaninta. Na biyu tsohuwar Stockman ce, ruwanta ya sirance saboda yawan wasawa, ƙarfen ya yi duhu, ƙashin ƙotar ya yi santsi a daidai inda babban yatsa ke zama, tana kwance kusa da igiyar da ta gama yankawa. Na farko yana shaida cewa mai shi yana da kuɗi, ya kuma yi sammakon saye. Na biyu yana shaida cewa maƙerin ya yi aiki nagari, domin abin da ya ƙera ya jure shekaru, kuma mai shi ya iya riƙo, domin ya san dutsen washi da ɗigon mai. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wuƙar da ba ta taɓa yanka ba, ba wanda zai iya rantsuwa a kan ingancinta, har da wanda ya ƙera ta.

Fifita hoto na biyu yana gyara abubuwa da dama a lokaci guda. Yana buɗe ƙofa ga mai Opinel ta kuɗi kaɗan, domin ita ma tana tsufa da kyau. Yana rage darajar ɓoye kaya, domin abin da ake yabo ba a sayensa a shago, sai an yi shekaru ana tara shi. Yana kuma aika saƙo ga masana'anta. Idan masu saye kallo kawai suke yi, maƙeri zai koyi gyara abin da ido ke gani, ya yi sakaci da taurin ƙarfe da siririn baki, tunda ba mai gwadawa. Idan kuwa suna aiki da ita, dole ya ci gaba da ƙera wuƙa mai yanka. Abin da masu saye ke yabawa, shi masana'anta ke ƙerawa.

Wannan ba yana nufin a fito da kowace tsohuwar wuƙa a hau aiki da ita ba. Wadda aka ƙera a Sheffield shekara ɗari da hamsin da suka wuce, ta kuma tsira lafiya, shaida ce ta tarihi, adana ta hidima ce ga masu zuwa, kuma masu tarawa sun cancanci godiya a kan haka. Maganar ta shafi wadda ta fito daga masana'anta bara, aka kulle ta tun ba ta ga rana ba, ana jiran kuɗinta ya tashi. Wannan ba adana tarihi ba ne, hana ta samun tarihi ne.

Don haka mai shirya irin wannan gasa yana riƙe da iko fiye da yadda yake zato. Da jimla ɗaya a cikin sharuɗɗansa, in ya ce a nuna wuƙa tana bakin aikinta, zai sa mutane da yawa su buɗe akwati, su yanka tuffa, su bar tabon farko ya hau ƙarfen. Idan kuma ya naɗe kyautar zai aika, babu abin da ya fi dacewa ya roƙi wanda ya ci illa ya sa ta a aljihu, ya yi aiki da ita, bayan shekara guda ya sake ɗaukar hotonta a ga yadda ta koma.